Yagewar guringuntsin kwatangwalo: in sayar da filina a yi mini tiyata, ko in fara da gashin ƙashi?

Abu Sadiƙ, Tudun Wada

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina neman shawarar waɗanda suka san wannan lalura, ko dai ta hanyar aikinsu ko kuwa domin sun ɗanɗana ta a jikinsu. Ni malamin makarantar sakandare ne a nan Kaduna, shekaruna 34, kuma tun ina yaro nake buga ƙwallo, har zuwa bara ba na fashin fita fili Asabar da Lahadi. Yau wata 14 ke nan da na fara jin ciwo a matsematsina na dama, can ciki inda yatsa ba ya kaiwa. Da fari na ɗauka targaɗe ne, na huta mako biyu na koma fili, sai ciwon ya dawo fiye da na farko. Yanzu yakan taso idan na daɗe a zaune ina duba takardun ɗalibai, ko na tsuguna, ko na ɗaga ƙafa zan hau babur, kuma abin da ya fi damuna shi ne zaman tahiya, domin ba na iya kai shi ƙarshe sai na miƙe ƙafar. Wani lokaci idan na juya da sauri sai in ji ƙas a cikin gaɓar, tare da suka kamar ta allura.

Kamar yadda aka saba, da mai ɗori na fara, ya murza wurin sau uku, aka yi mini ƙaho, sannan na shafe watanni ina shan maganin kashe ciwo diclofenac kusan kullum har cikina ya fara zafi. Hoton ƙashi na farko bai nuna karaya ko gocewa ba. Sai da na tara kuɗi aka ɗauki hoton MRI, shi ne ya nuna cewa zoben guringuntsin da ya kewaye bakin ramin kwatangwalo ya yage ta gaba, kuma kan ƙashin cinyata yana da ɗan tudu wanda yake gugar wurin duk lokacin da na naɗe ƙafa.

Likitocin ƙashi biyu na gani, kuma maganarsu ta sha bamban. Na farko ya ce tiyata ce mafita, irin wadda ake huda ƙananan kafofi a zura kyamara da kayan aiki, a ɗinke zoben a kuma goge tudun. Ya ƙara da cewa masu yin wannan aiki ba su da yawa a ƙasar nan, kuma ƙiyasin da ya ba ni, idan aka haɗa da tafiya, ya kusa albashina na shekara uku. Na biyu ya ce kada in yi gaggawa, in fara yin wata uku zuwa shida a sashen gashin ƙashi tukuna, sannan in dawo mu sake dubawa.

Abin da na mallaka wanda zai iya biyan kuɗin tiyatar shi ne fili guda a Rigachikun, wanda na saya da niyyar gina wa iyalina matsuguni, ga shi kuma maiɗakina tana da juna biyu. Ina tsoron in sayar da filin a yi aikin ciwon bai tafi ba, ina kuma tsoron in tsaya atisaye guringuntsin ya ci gaba da cinyewa har a wayi gari a ce sai an canza mini gaɓar baki ɗaya ina ɗan shekara arba'in. Shin abin da ya yage yana haɗewa da atisaye? Wanda aka yi wa tiyatar yana komawa yadda yake a da? Kuma waɗanne kuɗaɗe ne ba a faɗa wa mutum tun farko, sai ya shiga ya gan su? Allah ya saka da alheri.

Ummu Fadila, Barnawa

Wa alaikumus salam. Malam Abu Sadiƙ, Allah ya ba ka lafiya, ya kuma sauki maiɗakinka lafiya. Ni ma'aikaciyar gashin ƙashi ce, shekarata 11 a wannan aiki, saboda haka ka san daga wane ɓangare nake magana, ko da yake zan yi wa ɗaya ɓangaren adalci gwargwadon iko.

Gaɓar kwatangwalo tamkar turmi da taɓarya take: kan ƙashin cinya mulmulalle ne, yana zaune a cikin wani rami a ƙashin ƙugu. Guringuntsi iri biyu ne a wurin. Akwai mai santsi wanda ya lulluɓe kan ƙashin da cikin ramin, shi yake sa su zame wa juna ba tare da gogayya ba, akwai kuma zoben da ke bakin ramin, wanda likitoci suke kira labram, aikinsa kamar na robar da ke bakin murfin kular abinci, yana ƙara wa ramin zurfi yana kuma riƙe ruwan gaɓar. Mai santsin ba shi da hanyoyin jini ko kaɗan, zoben kuwa jini ƙalilan ne yake isa gefensa na waje. Don haka amsar tambayarka ta farko ita ce a'a, atisaye ba ya ɗinke yagewar, ba ya kuma goge tudun ƙashi. Shi tudun ma galibi tun lokacin balaga yake samuwa ga samarin da suka yawaita ƙwallo kafin ƙashinsu ya gama girma, wato wataƙila ya yi shekara ashirin a jikinka kafin ka fara jin komai.

Wannan ne ya kawo ni ga abin da na fi so ka riƙe. Ganin yagewa a hoto ba ya nufin ita ce take jawo ciwon. A 2012 wasu likitoci a Amurka sun ɗauki hoton MRI na mutum 45 waɗanda ba su da ciwon kwatangwalo ko kaɗan, sai aka tarar kashi 69 cikin 100 na gaɓoɓin da aka duba suna da yagewa a wannan zobe. Shi ya sa masana daga ƙasashe da dama, a matsayar da suka fitar a 2016 wadda aka sa wa sunan Warwick, suka ce ba a yanke hukuncin wannan lalura sai abu uku sun haɗu: ƙorafin majiyyaci, da abin da likita ya samu da hannunsa lokacin da yake lanƙwasa ƙafar yana murɗa ta ciki, da kuma hoto. Ciwon matsematsi yana iya zuwa daga jijiyar tsokar cinya, ko daga ƙashin baya, ko daga ƙaba mai tasowa. Akwai gwaji mai sauƙin kuɗi idan aka kwatanta da tiyata, wato a yi maka allurar kashe zafi a cikin gaɓar kanta, ana kallon allurar da na'urar hoto. Idan ciwon ya ɗauke na wasu sa'o'i, to daga cikin gaɓar yake, idan kuwa bai motsa ba, ɗinkin zoben ba shi ne zai raba ka da shi ba. Ka tambayi likitanka game da wannan kafin ka yi maganar fili da kowa.

Dangane da wanda ya fi tsakanin hanyoyin biyu, an gwada, kuma ba zan ɓoye maka cewa tiyata ta ɗan rinjaya ba. A 2018 mujallar likitanci ta Lancet ta wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi a Birtaniya ƙarƙashin Farfesa Damian Griffin na Jami'ar Warwick, inda aka raba mutum 348 masu irin lalurarka gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu aka yi musu tiyatar kyamara, wasu aka sa su a tsararren shirin atisaye. Bayan shekara guda kowane ɓangare ya samu sauƙi, amma na tiyata sun zarce da maki 6.8 a ma'auni mai maki 100, alhali masu binciken sun ɗauki 6.1 a matsayin mafi ƙarancin bambancin da majiyyaci zai iya ji a jikinsa. Ka lura da wani abu kuma: waɗanda aka yi wa tiyatar daga kimanin maki 39 suka tashi zuwa kimanin 59, ba su kai ko kusa da 100 ba. Kuɗin da aka kashe wa kowane ɗayansu ya ɗara na masu atisaye da fiye da fam 2,000, kuma masu binciken sun ce a cikin wannan shekara ta farko sauƙin da aka samu bai kai nauyin ƙarin kuɗin ba. Wani gwajin na Jami'ar Oxford mai mutum 222, wanda ya fito a 2019, shi ma ya fifita tiyata, da tazarar maki 10 bayan wata takwas. Na sojojin Amurka mai mutum 80 bai ga bambanci ba bayan shekara biyu, sai dai kusan kashi 70 cikin 100 na waɗanda aka fara wa atisaye daga baya tiyatar suka koma, don haka ba a dogara da shi sosai.

Game da tsoronka na biyu, gaskiya ne cewa wannan tudu yana ƙara yiwuwar amosanin gaɓa a gaba, amma yawancin masu shi ba sa kaiwa ga canjin gaɓa, kuma babu gwajin da ya tabbatar da cewa goge shi yana hana amosanin zuwa. A wani gwaji da aka yi a Ostireliya an auna lafiyar guringuntsin da MRI bayan shekara guda, ba a ga fifiko tsakanin masu tiyata da masu atisaye ba. Saboda haka wata uku na atisaye ba asarar lokaci ba ne, kuma ko tiyatar ka ƙare da ita, tsokar da ka gina za ta amfane ka wajen murmurewa.

Sai dai ina roƙonka ka gane abin da ake nufi da atisayen, domin sunan gashin ƙashi da muka gada yana ruɗar mutane, su ɗauka kwanciya ce a haska musu fitila mai zafi ko a jona musu na'ura mai tsirawa. Waɗannan suna rage zafi na ɗan lokaci ne kawai. Ainihin aikin shi ne ƙarfafa tsokar ɗuwawu da ta gefen ƙugu da ta ciki da ta baya, da koyon riƙe ƙugu yadda tudun ba zai riƙa dukan bakin ramin ba, ana ƙara nauyin aikin sannu a hankali. A gwajin Birtaniya da na ambata, zama shida zuwa goma kawai aka tsara da ma'aikaci a cikin mako 12 zuwa 24, sauran aikin duk a gida majiyyaci yake yinsa. Ka tabbatar wanda zai kula da kai yana da rajista da MRTB, hukumar da ke yi wa ma'aikatan gashin ƙashi rajista a Nijeriya, kuma ya rubuta maka jadawali.

Abu biyu ka nemi a auna maka a hoton ƙashin da kake tsaye: tazarar da ta rage tsakanin ƙasusuwan biyu, da zurfin ramin. Idan tazarar ta ragu zuwa milimita 2 ko ƙasa da haka, amosani ya riga ya shiga, kuma tiyatar kyamara ba ta cika amfani ba. Idan kuma ramin bai da zurfi tun haihuwa, ɗinkin zobe kaɗai yana iya ƙara sakwarkwacewar gaɓar.

Baban Iman, Unguwar Rimi

Malam, sannu da jiki. Ni an yi mini wannan tiyata a Indiya a 2022, ina da shekara 37, kuma zan faɗa maka abin da na gani da idona. Ban musanta ko ɗaya daga cikin bayanan Ummu Fadila ba, amma ina so a ji ta bakin wanda atisayen bai wadatar da shi ba. Wata biyar na yi ina bin jadawali safe da yamma ba tare da fashi ba, tsokata ta yi ƙarfi, ciwon zama ya ragu, amma gaɓar ta ci gaba da kullewa, wani lokaci ina tsakiyar tafiya a kasuwa sai ƙafar ta ƙage sai na girgiza ta. Da aka shiga da kyamara sai aka tarar wani ɓangare na guringuntsi mai santsin ya ɗaye a kusa da yagewar. Idan naka ya kai ga kullewa irin wannan, ba ƙara kawai ba, to ina ganin bai kamata ka daɗe kana jira ba.

Yanzu idan ciwon goma ne, takwas sun tafi. Ina zaman tahiya, ina tuƙi daga nan zuwa Kano ba tare da na tsaya miƙe ƙafa ba, amma ban koma ƙwallo ba, kuma a lokacin hunturu nakan ji wurin ya yi nauyi. Mako huɗu na yi da sanduna biyu, na yi kusan wata biyu ban zauna a shagona ba, sai ƙanina ne ya riƙe mini shi, kuma sai da na cika wata bakwai kafin na ce na ga amfanin aikin. Akwai wani abu da kunya take hana mutane faɗa, ni kuwa zan faɗa domin ya wajaba ka sani. A lokacin aikin ana jan ƙafar da na'ura domin gaɓar ta buɗe, kuma matsin da ake yi wa tsakanin cinyoyi yakan sa gaban mutum ya yi sanyi ya daina jin taɓawa na wani lokaci. Nawa kusan mako uku ya yi kafin ya dawo, kuma galibi yana dawowa, amma da an gaya mini tun farko da hankalina bai tashi kamar yadda ya tashi ba.

Maganar kuɗi kuwa, abin da asibiti ya rubuto mini bai wuce rabin abin da na kashe ba. Akwai biza da tikitin jirgi na mutum biyu, domin ba ka tafiya kai kaɗai, akwai masauki da abinci na mako uku, akwai hotuna da gwaje-gwajen da suka sake yi daga farko, akwai ƙananan ƙusoshin da ake kafe zoben da su a ƙashi waɗanda ɗai-ɗai ake lissafa su, kuma likita ba ya sanin adadin da zai yi amfani da su sai ya shiga. Bayan na dawo gida na biya kuɗin gashin ƙashi na wata biyar. Wannan na ƙarshen nake so ka ja masa layi, domin wanda ya zaɓi tiyata bai tsere wa atisaye ba, kuɗin biyu zai biya. Sannan ni na yi tafiyata kafin a saki naira a watan Yunin 2023, lokacin da dala a farashin gwamnati take ƙasa da naira 500, daga baya kuwa ta haura 1,500 a farkon 2024. Ko a gida za a yi maka, yawancin kayan aikin daga waje ake shigo da su, don haka farashinsu dala yake bi.

Duk likitan da za ka miƙa wa kwatangwalonka, ka tambaye shi cikin ladabi sau nawa yake yin wannan aiki a shekara, domin ya fi na gwiwa wuya nesa ba kusa ba, ka kuma tambaye shi wa zai duba ka idan matsala ta taso bayan wata uku. Ni ta WhatsApp nake tuntuɓar nawa, kuma wannan ba ya maye gurbin likitan da zai taɓa ka da hannu. Ka tuna da ɗan wasan tanis na Birtaniya, Andy Murray, wanda aka yi wa tiyatar kwatangwalo a watan Janairun 2018, ciwon bai bar shi ba, sai da aka sake yi masa wata babba a Janairun 2019 aka lulluɓe gaɓar da ƙarfe, sannan ya dawo har ya ci gasa a Antwerp a watan Oktoban shekarar. Duk da kuɗinsa da ƙwararrun da ke kewaye da shi, aikin farko bai isar masa ba, saboda guringuntsinsa ya riga ya lalace sosai.

Dattijo Mai Ritaya, Kawo

Ɗana, Allah ya yaye maka. Na yi shekara 32 ina aikin jinya, mafi yawansu a ɗakin masu ciwon ƙashi, kuma abin da zan ƙara ya shafi ƙasarmu musamman. Binciken da aka ambata a sama a ƙasashen Turawa aka yi su, mu kuwa a nan idan matashi ya zo da ciwon matsematsi, abin da ya kamata a fara kawarwa shi ne mutuwar kan ƙashin cinya saboda yankewar jini. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, ana ƙiyasta cewa jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita duk shekara, kuma masu nau'inta da ake kira SC sukan girma ba tare da laulayi mai yawa ba, har wasunsu ba sa sanin suna da ita sai kwatangwalo ya fara ciwo. Sauran abubuwan da suke jawo wannan sun haɗa da giya da kuma magungunan sitiroyid irin su dexamethasone da prednisolone, waɗanda ake cusawa a haɗin maganin ciwon jiki a shagunan magani, wasu mata kuma suke sha domin ƙiba. Hoton MRI yana nuna wannan lalura tun da wuri, saboda haka ka sa likita ya tabbatar maka da bakinsa cewa an duba babu ita, ka kuma san rukunin jininka na gwajin sikila, wato ko AA ne, ko AS, ko SC. Idan da zazzaɓin dare da gumi da rama, to a binciki tarin fuka, domin yana kama gaɓar kwatangwalo.

Diclofenac ɗin nan ka ajiye shi haka, zafin cikin da kake ji gargaɗi ne, kuma bayan gyambon ciki yana taɓa ƙoda. Masu ɗori suna da inda suke taimakawa a al'ummarmu, amma wannan gaɓa tana binne a ƙarƙashin tsoka mai kauri, murza ba ta isa gare ta.

Tun da likitoci biyu sun saɓa, ka nemi na uku a asibitin gwamnati da ke da manyan likitocin ƙashi. Ga Barau Dikko da Asibitin Sojoji na 44 a cikin gari, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, ga kuma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Ka tafi da faifan hoton kansa, ba takardar sakamako kaɗai ba. Canjin gaɓa da kake tsoro kuwa ba ƙarshen rayuwa ba ne, wani nazari da ya fito a 2019 ya nuna kusan kashi 58 cikin 100 na gaɓoɓin roba da ƙarfe suna kai shekara 25, amma ga mai shekarunka an fi son a jinkirta shi iyakar iyawa.

Maman Walid, Malali

Malam, ni a sashen kuɗi nake aiki, don haka ta nan zan sa baki. Idan a makarantar gwamnatin jiha kake, ka binciki rajistarka da KADCHMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Kaduna, idan kuwa ta tarayya ce, da NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wadda ta maye gurbin NHIS bayan dokar 2022. A tsarin inshora ba a tsallake asibitin da ka yi rajista, shi zai rubuta maka takardar turawa zuwa ga ƙwararre, a samo lambar amincewa kafin a yi aiki, kuma wanda ya riga ya biya daga aljihunsa yakan sha wuya wajen neman a mayar masa. Ka je ofishinsu da kanka ka nemi a nuna maka a rubuce zaman gashin ƙashi nawa suke ɗauka, da abin da suke biya a hoto da tiyata.

Daga likitan tiyatar kuma ka nemi ƙiyasi a rubuce dalla-dalla, kuɗin likita daban, na mai allurar barci daban, na ɗakin tiyata, na gado, na ƙusoshi, na magani, da na dawowa dubiya, sannan ka ɗora aƙalla kashi ɗaya cikin biyar a kai saboda abin da ba a zata ba. Fili kuwa idan dillalai suka ji ƙamshin lalura ce ta sa za a sayar, karya shi suke yi. Wata ukun da za ka yi kana atisaye dama ce ta kammala takardunsa da sanin ainihin darajarsa cikin natsuwa, da kuma tuntuɓar ƙungiyar adashin ma'aikata ta wurin aikinku ko za ta ba da rance marar ruwa.

Akwai kuma lissafin da ba na naira ba. A matsayina na uwa ina tunatar da kai cewa bai dace a ce maiɗakinka tana jego kai kuma kana kan sanduna ba, ga hidimar suna, ga yiwuwar ita ma ta buƙaci kuɗin asibiti na gaggawa. Idan tiyatar ta zama dole, ka daidaita ta da dogon hutun makaranta, bayan ta yi arba'in.

Abu Sadiƙ, Tudun Wada

Na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Baba, rukunin jinina AA ne, na tabbatar tun kafin aure, kuma jiya na koma wurin likita na biyu da tambayoyinku a rubuce. Ya ce babu alamar mutuwar ƙashi, tazarar gaɓar tana nan da kyau, zurfin ramin ma daidai yake, kuma ya amince a yi allurar gwajin nan a makon gobe. Baban Iman, tawa ba ta taɓa kullewa ba, ƙara ce da suka kawai, amma bayaninka ya sa na san alamar da zan sa wa ido. Da na karanta jawabin Ummu Fadila sai na gane cewa ban taɓa yin atisayen gaske ba, domin sau biyun da na je wani wuri fitila kawai aka haska mini na dawo gida.

Na yanke shawarar ba da mako 12 cikakku, na ajiye ƙwallo da diclofenac, zan kuma riƙa rubuta ƙarfin ciwon kowace rana a littafi domin kada in dogara da tunani kawai. Filin ba zan sa shi a kasuwa ba yanzu, amma na fara bin takardunsa kamar yadda Maman Walid ta ce. Saura tambaya ɗaya: yaya zan yi da zaman salla da bayi na tsugunno da hawa babur a wannan lokaci, tun da ba abubuwan da zan iya dainawa ba ne?

Ummu Fadila, Barnawa

Malam, abin da yake matse zoben shi ne naɗe cinya sosai zuwa ciki, musamman idan gwiwa ta karkato ta ciki a lokaci guda. Saboda haka ka guji kujera 'yar tsugunno da kujerar falo mai lotsawa, ka zauna inda ƙugunka zai ɗan fi gwiwarka tudu, kuma ka miƙe duk bayan rabin sa'a idan kana duba takardu. A bayi ka sa kafinta ya yi maka kujera mai rami da za a ɗora a kai. Babur kuwa ka karkato da shi wajenka kafin ka ɗaga ƙafa, domin kada sai ka ɗaga ta sama sosai. A salla, hadisin Imrana bin Husaini ya ba marar lafiya damar yin ta a zaune idan tsayuwa ta gagara, kuma malamin unguwarku zai fayyace maka yadda za ka yi da kujera a wurin da ya gagare ka kaɗai, kana yin sauran yadda ka saba.

Ɗan ciwo a lokacin atisaye ba laifi ba ne matuƙar ya lafa kafin washegari. Zuwa mako na shida ya kamata littafinka ya fara nuna sauyi, ko a tsawon zaman da kake iya yi ko a ƙarfin sukar. Idan gaɓar ta kulle, ko ciwo ya fara tashinka daga barci, ko ka fara ɗingishi, kada ka jira mako 12 su cika, ka koma wurin likita da littafin a hannunka.